Gemun Malam Zubairu

Shekaranjiya ɗaya daga cikinku ya ɗauki kwalar wuya a kan teburina, ya juya ta, ya ƙwanƙwasa ta da farce, ya ce, "Baba, ashe wannan ce kawai? Roba da soso?" Na ce masa eh, ita ce kawai. Tuwo ma gari ne da ruwa, ya je ya tuƙa mana mu ci. Kuka yi dariya, shi ma ya yi, amma na ga alama har yanzu yana ganin aikin na mako biyu ne. To, tunda an turo ku daga makarantar koyon aikin lafiya ku zauna a wurina, ku ajiye wayoyin nan in ba ku labari.

Sunana Habu, amma idan ka sauka a tashar Gwarzo ka ce a kai ka wurin Habu, sai a yi ta yawo da kai har la'asar. Ka ce Habu Mai Wuya. Baƙo yakan ɗauka mutum ne mai wuyar sha'ani, matata kuma tana cewa baƙon bai yi kuskure ba. Abin da nake yi shi ne kwala mai tauri, wadda ake ɗaura wa wanda ƙashin wuyansa ya tsage, ko aka yi masa aiki a wurin, don kada kan ya motsa har ƙashi ya kama. Ba ni nake cewa a sa ba, likita ne yake rubutowa. Nawa shi ne awo, da yi, da ɗaurawa, da gyara idan ta matse ko ta saki.

Mahaifina baduku ne, kube da zabira da takalmi na taso ina ɗinkawa. Da na yi shekara ashirin wani kawuna ya kai ni Kano wurin Baba Tanimu, wanda yake yin ƙafar roba da takalman masu shan inna da wannan kwala. Shekarata ta farko ban taɓa majinyaci ba. Samfefa kawai ya ba ni, in goge bakin roba har ya yi santsi. Idan na gama sai ya goga a bayan kunnensa, ya miƙo min ba tare da ya ce komai ba, wato in sake. Ranar da na yi ƙorafin cewa ai ta yi, ya ce to, tunda ta yi, zo. Ya ɗaura min ita a wuya, ya ce kada in cire sai magariba.

Ranar na san abin da nake sayarwa. Na je cin shinkafa da wake, na kasa ganin kwano, rabin abincin a rigata ya ƙare. Na zo tsallaka titi, sai da na juya gaba ɗayana, ƙafa da kafaɗa, kafin in ga mota. Wani ya kira ni daga baya, na yi kamar ban ji ba don juyawar aiki ce. Bakin robar nan da na rantse ta yi santsi ya ci min fata a ƙarƙashin kunne, har yanzu akwai tabon ga mai son gani. Da yamma Baba Tanimu ya kwance, ya ce, "Wuni ɗaya ka yi. Su wata uku za su yi."

Dokokinsa biyu ne, kuma ya fi son faɗarsu da dundu. Ta farko, ƙashi ake aunawa, ba riga ba. Sai yatsanka ya taɓa ƙarshen haɓa, ya taɓa ramin nan na saman ƙirji, sannan ka aza tef. Ta biyu, idan ka ɗaura, ka zaunar da mutum, ka tsaya a gabansa ka dube shi. Idan idonsa ya haɗu da naka sosai, ta zauna. Idan yana kallon hularka ta yi tsawo, idan yana kallon takalminka ta yi gajarta.

Sauran kayan aikin kuna ganin su. Ga tef, ga fensirin da yake kama fata, ga bandejin siminti na ɗaukar siffar wuya idan mutum ba ya shiga awon kowa. Robar faifai-faifai take zuwa, a sa ta a tanda ta yi laushi kamar jiƙaƙƙiyar fata, kuma minti biyu gare ka ka lanƙwasa ta kafin ta canja ra'ayi. Gida biyu ake yi, na gaba da na baya, a shimfiɗa soso a ciki, a kafa maɗauri a gefe. Sai a huda ramuka, don wanda bai huda wa mutumin Gwarzo ramuka ba a watan bazara, dafa shi ya yi.

Wani Alhaji daga bayan Kabo ya faɗo daga bishiya yana sassabe wa shanu ganye, na yi masa ɗaya mai kyau. Kwana goma sha biyu na je duba shi, na tarar da shi a gindin rumbu wuya a sake yana shan fura. Na ce, "Alhaji, ina kwala?" Ya nuna min garke. Maraƙi ne ya maƙale wuya a shinge, ya ga ya fi shi buƙata. Sai da na haɗa shi da babban wansa sannan aka ƙwace daga maraƙin, aka wanke, aka mayar wa mai ita. Har yau yana cewa maraƙin ya fi shi saurin warkewa, saboda haka aikina yana da kyau.

Shekarar da ta fi ba ni wahala ita ce wadda kwala ta shirye ta cika kemis. Ƙarama, matsakaiciya, babba, kamar silifas. Mutum ya shiga ya nuna wuyansa, mai kemis ya dube shi daga bayan kanta ya miƙo ɗaya. Guda ɗaya takan zagaye unguwa, wannan ya warke ya ara wa wancan. Na ga wanda ya sa tasa a kife, wurin haɓa a ƙirji, ya yi wata guda a haka yana yabonta. Tandata ta yi sanyi, gizo-gizo ya yi saƙa a kan almakashi. Na koma ɗinkin kujerar babur, wato ina gyara wa abin da yake kawo min majinyata wurin zama, majinyatan kuma suna wuce ni. Sai can ƙarshen shekara likitocin Kano suka fara turo min waɗanda Allah bai halicci wuyansu a kan lambar kemis ba. Na farkonsu shi ne Malam Zubairu.

Malam Zubairu mutumin Sabon Birni ne, gidan malanta tun kakanni, da safe karatun allo, da yamma Islamiyya. Shi ya raɗa wa 'ya'yana biyu suna, shi ya sallaci mahaifina. Ban taɓa zama a kan kujera yana wurin ba. Siriri ne, ya haura saba'in, kuma Allah ya ba shi gemu. Ba irin na yaran yanzu da ake shafa wa mai ana lallashi ba. Fari tas, cike, tun daga kunne har tsakiyar ƙirji. An ɗauko shi a babur daga ta'aziyya a Kabo, akuya ta gitta, suka zube. Mai babur ya tashi yana neman takalminsa, Malam bai tashi ba. Aka yi masa aiki a Kano. Kwalar da aka sallamo shi da ita ta yi masa yawa, kansa yana yawo a ciki, shi ne likita ya rubuto min takarda. Wata uku, ba cirewa. A ƙasa ya ja layi biyu: idan wuyan nan ya lanƙwashe kafin ƙashi ya kama, hannu ko ƙafa na iya tafiya, kuma ba lallai su dawo ba.

A kwance aka shigo da shi, ƙanensa yana riƙe da kan. Na durƙusa na gaishe shi, na ɗauko tef. Na taɓa ramin ƙirji, babu matsala. Na miƙa hannu wajen haɓa, sai hannun ya tsaya da kansa a bakin gemu. Ni ɗan baduku, in cusa yatsu a cikin gemun Malam Zubairu in yi ta lalube kamar mai neman allura a aljihu, ƙanensa yana kallo? Kunya ta kama ni har zufa. Sai na aza tef ɗin a saman gashin, na kintaci inda haɓa za ta ƙare, na rubuta lamba. Na ce a raina ai haɓa haɓa ce, ta wa ban gani ba.

Kwana biyu na yi a kanta. Ban taɓa goge baki kamar yadda na goge wannan ba, da Baba Tanimu yana raye da bai miƙo min ita ba. Ranar ɗaurawa ma a kwance Malam yake, gemu ya rufe komai. Aka tayar da shi zaune. Nan ne ya kamata in tsaya a gabansa in dube shi. To amma wa yake tsayawa a kan malaminsa ya zuba masa ido? Na tsuguna, idona a kan tabarma, na ce, "Malam, ta yi?"

Ya ce, "Alhamdu lillahi."

"Ba ta matse ba?"

"Alhamdu lillahi. Allah ya yi albarka."

Ni abin da yake damuna a lokacin salla ce, don na sha fama da masu cirewa su yi sujada. Na fara yi masa bayani a hankali cewa ruku'u da sujada sai dai a yi haƙuri. Ya bari na gama, ya ce, "Habu, wannan babin na karantar da shi tun ba a yi maka kaciya ba. Mara lafiya da nuni yake salla." Na ji daɗi, na ce na samu majinyacin da ba zai ba ni ciwon kai ba.

Mako uku bayan nan, da hantsi, adaidaita sahu ta tsaya a ƙofar shagona, Hajiya Kulu matar Malam ta fito. Dattijuwa ce da ko surukanta maza suke gyara zama idan ta yi gyaran murya. Na ba ta benci. Muka gaisa, ta tambayi gida, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunansu, ta tambayi aiki, ta yi min barka da ruwan da aka samu. Sai da ta gama tsaf sannan ta ce, "Habu, kai ne ka mayar da Malam mai duban wata?"

Na ce, "Hajiya, ban gane ba."

"Tun ranar da ka ɗaura masa abin nan, ban ga idonsa ba. Hancinsa nake gani. In kawo abinci, yana kallon rufi. In yi magana, yana kallon rufi. Shekara hamsin muna tare, ban san yana da sha'awar azara haka ba."

Na san abin da wannan yake nufi, kwalar ta yi tsawo. Na ce, "Bai ce ta dame shi ba?"

"Malam ne zai ce? Da za ka ɗaura masa murfin tukunya, albarka zai sa maka."

Ta ci gaba. Ashe Malam bai gaya wa kowa wuyansa ya karye ba, 'yar targaɗe ya ce. Kullum sai ya naɗa rawani ya sauko da shi ya rufe kwalar, ya baza gemu a kai, ya zauna a zaure karɓar masu dubiya. Mutane su shigo su tsuguna su gaishe shi, shi kuma yana amsawa kai a sama, bai ga ko hularsu ba. Gari ya rabu biyu. Wasu suka ce ana nuna masa wani abu ne a sama da mu ba ma gani, har wata tsohuwa ta zo ta zauna tana taya shi kallon. Wasu suka ce tunda ya kwana a babban asibiti likitoci suna kai da kawo a kansa, sai ya dawo da girman kai.

Ta ce, "Duk wannan bai dame shi ba sai da Alhaji Jauro ya zo."

Alhaji Jauro na san shi, mutumin Kabo ne, asalinsu makiyaya, yanzu noma da kiwo. Ya girmi Malam, kuma abokai ne tun suna samari. Ya taso tun daga Kabo da ƙwaryar man shanu, ya tsuguna da gwiwoyinsa masu ciwo ya yi gaisuwa, Malam ya amsa wa rufi. Jauro ya ɗan jira, ya ce, "To, mun gode," ya tashi ko ruwa bai sha ba.

"Tun ranar," in ji Hajiya, "da ya ji sallama sai ya kwance abin ya cusa a ƙarƙashin buzu, ya sunkuya wa kowa, har yaran da ya yi wa haddar Fatiha. Kwana shida ke nan. Jiya carbi ya faɗi daga hannunsa sau biyu, ya ce santsi ne. Na aika an ba Jauro haƙuri, yau bayan azahar zai dawo. Kai ka san irin sunkuyawar da Malam zai yi masa."

Na tsorata, ba zan ɓoye muku ba. Na kwashi almakashi da samfefa da soso da ƙaramin risho na ɗaure a bayan babur. Sai babur ya ƙi tashi. Sai da aka tura ni har bakin kasuwa, Hajiya tuni ta yi gaba. Ina isa Sabon Birni an idar da salla, na ga takalman Jauro a ƙofar zaure.

A rayuwata ban taɓa shiga zauren wani ba sallama ba sai ranar. Malam yana zaune a kan buzu, rawani a sassauce, wuya tsirara. Jauro yana ƙoƙarin kai gwiwa ƙasa, Malam kuma ya dafa ƙirji ya fara karkato da kai. Ban san lokacin da na tsallake ƙwaryar da Jauro ya sake kawowa ba. Na kama kan Malam da hannu biyu, tafina a kan kunnuwansa, na ce, "Kada ku motsa."

Jauro ya miƙe da saurin da ban zaci gwiwoyinsa suna da shi ba, ya ɗaga sanda. "Kai, ɗan gidan wa ne wannan?"

Malam ya ce, "Bar shi, Habu ne. Habu, lafiya?"

"Lafiya lau, Malam. Barkanku da wuni."

"Barka kadai. Ya gida?"

"Lafiya lau."

"Ya mai ɗakin naka, da yara?"

"Suna gaishe ku."

"Ya aka ji da aiki?"

"Da godiya, Malam. Ya ƙarfin jiki?"

"Alhamdu lillahi."

Haka muka yi ta har ƙarshe, kansa a hannuna, sandar Jauro a saman nawa. Daga bayan ƙofar cikin gida Hajiya ta ce, "Idan kun gama, a duba ƙarƙashin buzu."

Na sa ƙafa na jawo kwalar. Jauro ya dube ta, ya dube ni. Na gaya masa komai: ƙashin da ya karye, aikin da aka yi a Kano, layi biyun da likita ya ja. Na gaya masa kuma abin ne yake tura haɓar Malam sama, ba zuciyarsa ba. Ya sauke sandar a hankali, ya jingine ta a bango.

Ya ce, "Zubairu, wuyanka ne a karye, ka bar ni na tafi ina cin mutuncinka a zuci tun daga nan har Kabo?"

"Ban so in tayar maka da hankali ba."

"Ai da ka faɗa, turmi zan sa a kawo min in hau mu gaisa."

Hannuwana biyu suna riƙe da kan Malam, ga aiki a gabana. Na ce wa Jauro, "Baba, kun iya riƙe kai?" Ya ce ya riƙe na bijimi ana yi masa allura, amma bai taɓa riƙe wanda izu sittin ke ciki ba, sai dai ya gwada. Ya zagaya baya, ya aza manyan tafukansa inda nawa suke. Wallahi ban taɓa samun mai riƙo kamarsa ba, ko numfashi kan bai yi ba.

Na ɗauko tef, na tsuguna a gaban Malam. Na ce, "Malam, a yi min afuwa, zan shiga gemu."

Ya ce, "Bismillah, shiga."

Na shiga. Na yi ta tafiya ban iske haɓa ba a inda na bar ta. Ashe Malam doguwar haɓa gare shi, ta sauko ƙasa da inda na kintata da inci ɗaya da rabi. A wannan aikin, rabin inci ma tafiya ce mai nisa. Ina lalubawa sai yatsana ya ji danshi. Na buɗe gashin, na ga miki a ƙarƙashin muƙamuƙi, faɗin kwabo, ya yi ja ya fara ruwa. Bakin robar nan da na yi kwana biyu ina gogewa ne ya yi ta danna wurin, dare da rana, mako biyu cur kafin ya fara cirewa.

Na ce, "Malam, me ya sa ba ku faɗa ba?"

Ya ce, "Na ga ka sha wahala a kanta. Kuma an ce min shekarar ba ta yi maka daɗi ba. Ban so in zama na farkon da zai dawo maka da aiki." Sai ya ƙara da cewa, "Kai fa, me ya sa ba ka shiga tun farko ba?"

"Kunya na ji."

Jauro ya ce daga baya, "To, madalla. Wannan ya ji kunya, wannan ya ji kunya, ni kuma an bar ni da fushi. Yi aikinka, hannuna ba na ƙarfe ba ne."

Na kunna risho a ƙofar zaure, na yanke abin da ya kamata in yanke, na gasa bakin na lanƙwasa shi, na goge, na sa sabon soso da rami daidai wurin mikin. Na wanke mikin na rufe. Na ce ya kamata a rage gashin wurin kaɗan, Malam ya ce a'a, ya ce ita kwalar ce baƙuwa, ita za ta yi haƙuri. Hajiya ta ce daga bayan ƙofa to a kitse shi mana, ita za ta iya. Malam ya ce, "Kulu," ita kuma muna jin dariyarta. A ƙarshe na fito da gemun waje, ya kwanto a kan roba.

Da na ɗaure, na tashi na tsaya a gabansa, na rage tsawo daidai fuskarsa, na dube shi ido cikin ido. Shekara talatin ina gaishe shi, ban san yana da tabo a gira ba sai ranar. Na ce, "Malam, me kuke gani?"

Ya ce, "Kai. Ka tsufa, Habu."

Washegari muka kai shi Kano. Ni na gaya wa likita abin da na yi da bakina, kafin ya gano da kansa. Ya yi min faɗa da Turanci, abin da ban gane ba ma na gane. Aka ɗauki hoto, ya ce ƙashin bai goce ba, amma a ƙara mako uku a kan wata ukun. Ya sa Malam ya matse masa hannu, dama da hagu, ya rubuta wani abu a kati.

Jauro kuwa ya naɗa kansa mai gadi, don kada Malam ya sake sunkuya wa kowa. Kusan kullum sai ya zo daga Kabo ya zauna a ƙofar zaure da sandarsa. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce masa, "Daga gaba, kuma a tsaye. Wanda ya tsuguna ni zan tayar da shi." Mutanen Sabon Birni suka sha wahalar wannan doka fiye da Malam. Za ka ga magidanci ya shigo, gwiwarsa tana lanƙwashewa da kanta, ya tuna da sanda ya miƙe, ya tsaya yana gaisuwa yana ba da haƙuri. Rawani kuma Jauro ya hana a sauko da shi, ya ce a bar kowa ya ga robar.

Shi ya sa idan na ga ɗayanku zai aza tef a kan riga, ko gashi, ko mayafi, nake buge masa hannu. Idan mace ce, ku kira 'yar'uwarku ta auna, ko ku nuna wa wadda ta rako ta inda za ta sa yatsa. Idan babban mutum ne, ku nemi afuwa ku shiga. Kuma idan kun tambayi mutumin nan namu ko ta yi, ya ce alhamdu lillahi, ku sani bai ba ku amsa ba tukuna, godiya ce kawai ya yi wa Allah.

Ƙashin Malam ya kama. Da ƙafarsa ya shiga masallaci ranar da aka cire, ya yi sujada, mutane suna ta yi masa barka. Amma yatsu biyu na hannun damansa, ƙaramin da na kusa da shi, ba su dawo ba. Sun lanƙwashe, ba ya jin su. Na koma wurin likita ni kaɗai, na tambaye shi tsakani da Allah ko faɗuwar ce ta yi wannan, ko kwana shidan nan ne. Ya ce ba zai iya sani ba, kuma babu wanda zai iya. Malam bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban iya ba.

Ina zuwa gaishe shi kusan kowace Juma'a. Yana ganina sai ya yi murmushi ya tambayi yara, ya miƙo min hannu kamar yadda ya saba. Idan na sa nawa a ciki, yatsu uku ne suke riƙe ni.